Shekarar da Na Je Kamun Kifi da Fartanya

Wannan babin don gyara na sa shi a littafin nan. Na lura duk ranar da kuka taru a tsakar gida da Sallah sai an tayar da zancen gaiwar nan, kuma kullum kakarku Hajiya Tabawa ce ke riƙe da bakin labarin. A nata labarin ita ta yi komai, ni ina gefe ina fifita da hula. To ni ma Allah ya ba ni hannu. Ko da yake a aji huɗu na rabu da makarantar boko, ba korata aka yi ba, ni da lissafi ne muka kasa jituwa, amma na san yadda ake riƙe biro. Ta ci gaba da faɗa, ni zan rubuta, mu ga na wanda zai daɗe.

A lokacin Magaji, babban ɗanmu, ya daɗe da zama a Kano da iyalinsa. 'Ya'yansa biyu ne, Ummi da ƙaninta Abba, takwarana. Yaran nan ba su taɓa kwana a gidan nan ba. Da Sallah za a kawo su da hantsi cikin sababbin kaya, su durƙusa su gaishe mu, a ba su fura su kurɓa don kunya, kafin la'asar an kwashe su, sai ka ce masu dubiya a asibiti. Hajiya ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai in motar ta tashi takan daɗe tana share wurin da babu datti. Ni kuwa na ɗauki nawa matakin. Duk sanda Magaji ya bugo waya aka miƙa wa yaran, sai in shiga ba su labarin rafin Marke, wanda ya bi ta bayan gonarmu ya nausa wajen Durba. In ce akwai karfasa mai faɗin tafin hannuna, akwai tarwaɗa mai gashin baki irin na ɗan sanda, kuma duk ranar da suka zo hutu zan koya musu kamun kifi. Har kasuwar Rano na je na sayo ƙugiya da zare, na fere sandunan gora biyu daidai tsawonsu, na jingine a zaure. Ku shaida, ban yi ƙarya ba. Duk abin da na faɗa yana nan a rafin, da damina.

Inda aka samu matsala shi ne kunne. Kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya, na dama kuma aikin rabin rana yake yi. Wata rana Magaji ya bugo, na ji ya ambaci hutu, na ce madalla. Na ji ya ambaci ruwa, na ce ruwa kam sai godiya, don rijiyarmu ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ashe tambayata yake ko akwai ruwa a rafin yanzu, domin gajeren hutun bazara yake nufi, ni kuma dogon hutun damina nake lissafi. Har gobe ina ganin laifin wayar ne.

Sai ga su a tsakiyar bazara, rana tana dukan ƙasa, mangwaro ya nuna. Ummi ta fito daga mota da 'yar hular rana, Abba yana rungume da jan bokitin roba da aka saya masa musamman don zuba kifi. Mahaifiyarsu, wadda muke kira Maman Ummi, mutuniyar kirki ce, amma mai tsari. Ba ta faɗa a gabana ba saboda kunyar surukuta, sai da suka shiga ɗaki ta gaya wa Hajiya cewa wannan zuwan gwaji ne. In yaran sun ji daɗi, za a riƙa kawo su. In ba su ji ba, dogon hutu a Kano za su yi shi, a sa su lesin. Suka juya suka bar mana su.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Ummi ta ce a tafi rafi. Na ce amaryata ta huta tukuna, ta ce ita ba amaryar tsoho ba ce, kuma ba ta gaji ba. Na kawo zancen zafin rana, na kawo zancen abinci, duk ba su karɓu ba. Da la'asar na sa su a gaba muka tafi. Muka tsaya a bakin gaɓa. Rafin Marke ga shi nan shimfiɗe, ƙasa ta tsage kamar faso a dunduniya, shanun Fulani suna tafiya a tsakiyarsa, wata akuya tana kwance daidai inda na ce musu ruwa yakan shanye mutum.

"Kaka, ina rafin?"

"Shi ma ya tafi hutu," in ji ni.

Abba ya yi dariya, don shi a lokacin ko tari na yi dariya yake. Ummi ba ta yi ba. Ta dube ni, ta dubi akuyar, ta ce:

"Malamarmu ta ce babba ba ya ƙarya."

An zage ni a duniya, an kai ni ƙara wajen dagaci a kan iyakar gona, ban taɓa jin abin da ya sosa mini rai kamar wannan 'yar maganar ba. Muka dawo gida, Abba yana jan bokitinsa a ƙasa. Da shigarmu Ummi ta wuce wajen Hajiya ta ce a kira mata Babanta ya zo ya ɗauke su.

Na fita neman shawara, kuma da yake Allah ya haɗa ni da taubashi irin Tanko, wajensa na fara zuwa. Sai da ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce abin mai sauƙi ne, in je Rano in sayo tarwaɗar kiwo masu rai, in zuba a baho, yara su jefa ƙugiya. Ni kuma na yi tunanin in ɗauke su a mashin mu tafi dam ɗin Tiga. Na kawo wa Hajiya shawarwarin biyu tana tankaɗe. Na Tiga ta kashe shi nan take, ta ce ba za a kai 'ya'yan amana bakin ruwa mai zurfi a bayan tsohon da ba ya jin hon ba. Na baho kuwa ta ce yarinyar da ta kira ni maƙaryaci ban yi ƙarya ba, me za ta kira ni in na yi? Sai ta buga rariya a tafin hannu, ta ce:

"Malam, kai da ka tashi a bakin rafin nan, ka manta da gaiwa?"

A nan ne labarina da nata suka fara rabuwa. Ni na san maganar tana bakina, ta riga ni ne kawai, kamar yadda ta saba tun muna da haƙora. Amma ba zan hana ta haƙƙinta ba. Hajiya 'yar masunta ce daga wajen Yalwa, a cikin ƙarnin kifi aka yaye ta.

Ga waɗanda suka tashi a birni, gaiwa kifi ce doguwa mai santsi, wadda ba ta bin ruwa in zai tafi. In rafi ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta har ta bushe ta zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa a sama don shan iska. Haka za ta kwanta rani da bazara tana jiran ruwa. Muna yara mun sha haƙo ta. Amma aikin na ido ne da kunne. Ido ya gano ƙofar, kunne ya tabbatar tana ciki. Ni ba kunne, Hajiya kuma yanar ido ta fara rage mata gani. Muka dubi juna, muka dubi yaran da ke zaune a tabarma sun haɗa kai da gwiwa. Ga ido huɗu sababbi, ga kunne huɗu ko kwalinsu ba a ɓare ba.

Da sassafe muka fita mu huɗu. Ni da fartanya a kafaɗa, Hajiya da buta, Abba da bokiti, Ummi can baya tana tafiya kamar ba tare muke ba. Dole hanya ta bi da mu ta teburin mai shayi, kuma dole Tanko yana wurin. Ya tambaya ko shuka za mu yi tun hadari bai haɗu ba. Kafin in buɗe baki Abba ya ɗaga bokiti ya ce kifi za mu kama. Mutanen teburin nan har da masu ƙwarewa da shayi. Ummi ta ja hularta ta rufe fuska.

Muka je gindin marken, inda ruwa yake yin kwanan ƙarshe kafin ya ƙafe, ƙasar wurin baƙa ce. Hajiya ta zauna ta miƙe ƙafa, ta kira Abba, wanda take kira maigidanta, ta ce tunda shi ne mai cefane yau, ya buɗe ido. Ta koya masa bambancin ramuka. Na tururuwa yana da tsakin ƙasa a bakinsa. Na gyare a karkace yake. Na gaiwa ɗan ƙarami ne, kan yatsa zai rufe shi, bakinsa sumul kamar an shafe shi da hannu. Abba ya duƙa yana bin tsagar ƙasa, duk ramin da ya gani sai ya kira mu, har da sawun kofaton saniya. In ya nuna wanda ya yi kama, sai Hajiya ta matso, ta yayyafa ruwan buta a kai, ta riƙa ƙwanƙwasa ƙasa da kan yatsunta a hankali, tif, tif-tif, kamar yayyafin farko. Ta ce in gaiwa ta ji haka sai ta ɗauka damina ce ta sauka, ta yi gurnani daga ciki. Saura mai saurare. Ummi ta ce ita ba za ta sa kunnenta a ƙasar da shanu suka taka ba, ga sabon kitso. Na cire hulata, wadda na je Makka da ita, na shimfiɗa mata. Ta dubi hular, ta dube ni, ta kwanta.

Ranar nan ba mu samu komai ba sai gyare guda, wanda Abba ya sa a bokiti don kada a koma hannu rabbana. Da yamma Magaji ya bugo, Ummi ta karɓi wayar ta ce ya zo gobe. Ya ce zai taso bayan azahar. Hajiya ce ta maimaita mini da ƙarfi, don wannan karon ba ta yarda in ce madalla ba.

Washegari ban yi niyyar tilasta wa kowa ba. Na ɗauki fartanya ne kawai, Abba ya ɗauki bokiti, Hajiya ta cika buta. Muna bakin zaure sai ga Ummi, ta ce za ta bi mu ne don kada ta zauna ita kaɗai. Tanko ma ya biyo mu da kofin shayinsa, wai yana so ya ga girbi. Hantsi ya ɗaga, mun gwada ramuka ba adadi, ruwan buta ya kusa ƙarewa, sai Abba ya tsaya a wata 'yar kwana ƙarƙashin saiwar marke. Bai kira kowa ba, ya dai ɗora yatsa a wurin. Hajiya ta lallaɓa ta shafa bakin ramin, ta zuba sauran ruwan, ta fara ƙwanƙwasawa. Ummi ta kwanta. Yau ko hular ba ta nema ba. Na ga ta runtse ido, sai ta buɗe su gaba ɗaya.

"Kaka, ƙasa tana minshari."

Na durƙusa da ƙyar na kafa kunnen dama, mai aikin rabin rana. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Hajiya ta saurara, ta ce ita ma ba za ta rantse ba. Tanko ya ce cikin yarinyar ne ke kuka, a ba ta kumallo. Ummi ta tashi zaune, rabin fuskarta baƙi ƙirin da taɓo, ta ce ita ta ji, kuma ita ba ta ƙarya. To ku duba yadda Allah yake juya al'amari. Shekaranjiya ni nake neman ta yarda da abin da ba ta gani ba, yau ita ke neman in yarda da abin da ban ji ba. Na tofa yawu a hannu na ɗaga fartanya.

Ba a sara a kan ramin, sai ka raba ta biyu. Kewayewa ake yi, a bar tsakiya. Ƙasar bazara kuwa ƙarfe ce. Na yi gumi har rigata ta manne, na kai zurfin kamu ban ga komai ba, Tanko yana ba ni shawarar in ci gaba, wataƙila in tarar da fetur. Ummi tana tsugune a bakin ramin tana cewa a nan ne, Kaka, a nan ne. Can ƙasa ta fara laushi. Na ajiye fartanya na sa hannu, na ɓanɓaro wani curi kamar doya, na ɗora a gaɓa. Hajiya ta ɓare shi a hankali da yatsu, sai ga wani abu a naɗe cikin busasshiyar fata ruwan ƙasa. Abba ya leƙa ya ce wannan ai tsohon takalmi ne. Hajiya ta ce ya sa takalmin a bokitinsa, kuma kada wanda ya kai yatsa wajen bakinsa. Tanko dai ya shanye shayinsa ya ce yana da uzuri.

A gida Hajiya ta sa abin a babbar kwatarniya, ta zuba ruwa. Ummi ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna a gabanta. An kira ta cin abinci ta ce a kawo mata nan. Fatar ta jiƙa ta saki, abin ya daɗe bai motsa ba, har na fara shirya abin da zan ce in ta tabbata takalmin ne. Bayan azahar sai wutsiya ta warware daga kan fuska, jiki ya miƙe, ta taso sama a hankali ta buɗe baki ta ja iska, ta koma. Abba ya ruga bayan Hajiya ya ɓuya. Ummi ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da Magaji ya yi sallama da la'asar, ba ta tashi ta tarye shi ba, daga inda take ta ce:

"Baba, ka koma kawai. Ashe Kaka a ƙarƙashin ƙasa yake ajiye kifinsa."

Da a nan labarin ya ƙare, da na ci riba biyu. Shekara da shekaru rabona da gaiwa, kuma wanda ya taɓa cin ta da daddawa da yaji ya san abin da nake nufi. Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙa ina wasa ta a bakin turmi. Ummi ta tambayi abin da za a yanka. Na ce amarya ta kawo cefane, ango zai yi fiɗa. Sai ta tashi ta tsaya tsakanina da kwatarniya.

"Mu muka ce mata ruwa ya zo, ta yarda ta amsa. In ka yanka ta, mun yi mata ƙarya ke nan."

Na dubi Magaji, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na dubi Hajiya ko za ta taimake ni, ta ce ita ma da yatsunta aka yi ƙaryar, ba ta da bakin magana. Na tsaya da wuƙa a hannu, miyau ya riga ya taru. Sai na ga wata ƙofa. Na ce to, an fasa, za a riƙe ta har ruwan gaskiya ya sauka. Amma a dokar masunta, wanda ya ji gurnanin gaiwa shi ne zai mayar da ita rafi da hannunsa, ba a wakilci. Hajiya ta buɗe baki za ta ce ba ta taɓa jin wannan dokar a gidansu ba, sai ta fahimta, ta rufe, ta ce haka ne, tsohuwar doka ce.

Yaran suka ƙarasa hutunsu, muka haƙo wasu ramukan, ba mu ƙara samu ba, ba su kuma damu ba. Suka tafi suka bar ni da kiwo. Kwatarniya ta yi mata kaɗan, tana neman tsallakewa, dole Hajiya ta sadaukar da randarta mai sanyi, muka ƙarasa zafin bazarar nan muna shan ruwan jarka mai ɗumi kamar na wankan jego. Kullum da safe ina bayan rijiya ina tonon tana, ko ina bin yara su kamo mini kwaɗi. Ta cije ni a babban yatsa, tabon yana nan, duk mai shakka ya zo ya gani. Tanko ya raɗa mini Sarkin Fulanin Gaiwa, sunan ya bi gari, har a masallaci ana tambayata lafiyar garke. Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da Hajiya ta yi miyar kuka ba nama, na daɗe a tsaye a kan randar nan. Sai waya ta yi ƙara, Ummi ce, wai a kai wayar bakin randa ta gaishe ta.

Da dogon hutu ya matso, Magaji ya gaya mana an riga an yi maganar lesin. Na ci gaba da tonon tana. Abin da ya faru a gidansu ban sani ba, sai daga baya na ji cewa Ummi ta bi uwarta daga kicin zuwa ɗaki tana karanta mata dokar masunta, safe da yamma. Ranar da suka zo, ruwa ya sauka sosai, gero ya kai ƙugu, kuma Maman Ummi da kanta ta fito daga motar, ta ce ta zo ta ga kifin da ya fi lesin.

Rafin Marke ya cika har gindin marken. Na ɗauko gaiwar a jan bokitin Abba, ta yi ƙiba da guminmu. Ummi ta shiga ruwa zuwa idon sawu, ina riƙe da hannunta ɗaya, ta karkata bokitin. Ta gaya wa gaiwar cewa wannan karon da gaske ne. Gaiwar ta sulale ta tafi, ko waiwaye babu, bayan duk kwaɗin da ta ci mini. Daga nan na ɗauko sandunan gorar nan da suka daɗe a zaure. Hajiya ta koya musu soka tana a ƙugiya, ni na koya musu zama shiru, wanda ya fi wuya. Abba ya fara kama karfasa, ba ta kai tafin hannuna ba, ta dai kai nasa. Maman Ummi ce ta soya ta, aka raba mu shida, har da Tanko da ya zo ba a gayyace shi ba.

To ga gaskiyar magana, a rubuce. Abba ya gani, Hajiya ta ƙwanƙwasa, Ummi ta ji, ni na haƙa, kuma ni aka ciza. Gurnanin gaiwa kuwa har yau ban ji shi ba, maganar Ummi na riƙe.

Tun daga shekarar ba a ƙara yin hutu ba su zo ba, har da ƙannensu da aka haifa daga baya. Yanzu Ummi ta girma, ta fi Hajiya tsawo. Amma duk shekara in zafi ya fara, mangwaro ya soma ja, sai waya ta yi ƙara. Hajiya ta ɗauka, ta saurara, sannan ta matso daidai kunnena na dama ta ɗaga murya:

"Amaryarka ce. Wai tana tambaya, rafin ya ƙafe ko da saura?"